Ruwan na Allah ne, amma wa ya saida hanyarsa?

"Ruwa ya yi gyara." Haka muka tashi muka ji iyayenmu na faɗa in gini ya faɗi da damina, don kada baki ya kira rahamar Allah da sunan ɓarna. Ladabi ne mai kyau, kuma ba ni da ja a kansa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu suka mai da wannan ladabi namu bargo, suna lulluɓa da shi duk shekara. Mu mun yi shiru don kunyar Ubangiji, su kuma sun ɗauka shirun nasu ne.

Ku tuna ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 a Maraɗi. Milimita 150 na ruwa suka sauka cikin minti 90, gwamnan jiha da bakinsa ya sanar da rasuwar mutum 15. Da yawanmu in an ce milimita sai maganar ta wuce ta saman kai, to bari mu sauko da ita ƙasa. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ke nan gida mai faɗin mita 20 da tsawon mita 20 ya karɓi lita 60,000 cikin awa ɗaya da rabi. Bido mai cin lita 25 har guda 2,400, a gida ɗaya tak. Yanzu ka lissafa gidajen layinku, ka ƙara da rufin kwano da tsakar gidan da aka shafe da siminti, ka ƙara da kwalta, duk wuraren da ƙasa ba ta iya shan ko ɗigo. Sama da rubu'in ruwan da Maraɗi ke samu a shekara guda ne ya zuba kafin a gama dahuwar tuwo.

Na yarda, irin wannan ruwa ko wane gari ya sauka wa sai ya ji a jikinsa. Ba zan zo nan in yi muku ƙaryar cewa da an yi kaza da ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba. Amma ku duba inda gidaje ke faɗuwa da inda ake tsamo gawa. Ba caca ba ce. Unguwannin da suka nutse bara su ne suka nutse bara waccan, kuma duk mai kabu-kabu a garin zai iya lissafa maka su ba tare da ya taɓa shiga aji ba. Shi ya san layin da ba ya bi in hadari ya haɗo. Abin da ɗan kabu-kabu ya sani, a ce mai biro da taswira da injiniyoyi bai sani ba?

Akwai wani dare da ba na mantawa a unguwarmu. Wajen ƙarfe biyu iska ta taso, tsawa kamar ana fasa dutse a kan rufi, wuta ta ɗauke, rezo ya ɗauke. Kafin mu gama kwashe tabarmi daga tsakar gida ruwa ya kai idon sawu, kafin a tada yara ya kai gwiwa. Ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, ta ƙofar gida yake shigowa, ja wur, da leda da kashin awaki da takalman mutane. Muna tsaye a zaure da fitilar salula muka ji wani "dim" daga maƙwabta, irin ƙarar da ba ta da kaifi, sai dai ka ji ta a ƙirji. Duk wanda ya taɓa jin faɗuwar ginin laka ya san ta. Allah ya taƙaita, mutanen ɗakin sun riga sun fito. Da gari ya waye na iske wata tsohuwa zaune kan turmi tana kallon inda ɗakinta yake jiya. Na ce, "Inna, sannu, ruwa ya yi gyara." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ruwa bai ɓata hanya ba. Nan wurin da kake tsaye, muna ɗiya ƙanana nan muke wanka in anka yi ruwa. Ƙorama ce. Mu munka zo munka zauna mishi bisa hanya." Na ce, "To Inna, mi ya sa kunka gina nan?" Ta ce, "Takarda gare mu. Da tambari."

Wannan kalma ta "tambari" ita ta hana ni barci, kuma ita ce dalilin rubutun nan.

Duk shekara in ruwa ya ci unguwa sai ka ji wani babba a rediyo yana cewa laifin jama'a ne, sun je sun yi gini a hanyar ruwa. To, mu tsaya nan. Wa ya auna filin? Wa ya kafa born a kusurwoyinsa huɗu? Wa ya buga tambari, wa ya sa hannu, wa ya amshi kuɗin? Talaka ba ya yanka lotisma. Bafatake ko malamin lakwal ko mai saida goro da ya shekara goma yana tara jika-jika don ya fita daga gidan haya, an nuna masa fili da rani, ƙasa busasshiya fes, an miƙa masa takarda. A watan Maris ƙorama ba ta da bambanci da sauran fili a idon baƙo. Wanda ya saida masa kuwa ya sani sarai. Akwai waɗanda suka zauna ba takarda, gaskiya ne, amma su ma shekara nawa ana kallonsu, ana amsar haraji a hannunsu, ana zuwa neman ƙuri'arsu lokacin da ake zaɓe? Ba a tuna cewa zamansu haramtacce ne sai ranar da ruwa ya tafi da ɗakinsu, ranar da ya kamata a ji kunyarsu.

Ni ban taɓa jin an tsai da wani a gaban alƙali don ya saida hanyar ruwa ba. Ɓarawon akuya kuwa, kun san inda yake kwana.

Abin takaicin ma, mu mutanen Maraɗi bai kamata a koya mana wannan karatu ba, don garinmu kansa ambaliya ce ta tashe shi. Tsohon garin a cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ruwa ya cinye shi, aka hau da mutane kan tudu, aka yanka sabbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Kakanninmu sun ga abin da idonsu, sun bar wa ruwa wurinsa. Yau jikokinsu na sake gangarawa, ana cike kwazazzabai da shara a daddale a saida. A Yamai kwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar gari, kowa ya san aikinsa shi ne kai ruwa kogin Isa, amma je ka ga yadda gine-gine suka matse shi. A Satumba 2020 kogin ya kai wajen santimita 700, alhali jan layin haɗari yana kan 620, madatsai suka fashe, Lamorde da Kirkisoy da Saga suka koma tafki. A Damagaram da Tawa tafkunan cikin gari, waɗanda da yawansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne tun zamanin kakanni, su ne randunan da ke tare ruwan unguwa. Kowace shekara bakinsu na ƙara tsukewa, yau juji, gobe katanga, jibi shago. Ruwan da tafki ya saba ɗauka, in ka cike tafkin, ina kake so ya tafi? Ɗakin wani zai shiga, kuma ba ɗakin wanda ya saida wurin ba.

Sai maganar kanibo. A nan dole in juyo da yatsa wajenmu, don in na tsaya kan hukuma kaɗai na yi rashin gaskiya. Mu ne ke zuba shara a magudanar ruwa. Mu ne in hadari ya haɗo muke cewa yara su yi maza su fitar da kwandon shara "ruwa shi tahi da ita". Ya tafi da ita ina? Gidan na ƙasa da kai. Mu ne mai shago zai rufe kanibon ƙofarsa da siminti don ya samu wurin aje benci. Mu ne kowa ke sayen yashi da baraguzai ya tada ƙofar gidansa, ya tura ruwan ga maƙwabci, maƙwabci ya tada tasa ya tura gaba, har ruwan ya ƙare a gidan gwauruwar da ba ta da kuɗin amalanken yashi ko ɗaya. Sannan da safe mu je mata jaje, har da "Allah shi maida alheri". Wallahi akwai munafunci a cikin wannan, kuma mun san shi.

Amma ko a nan kada a rufe mu da zancen "rashin tarbiyyar jama'a" a wuce. Matar da ke zuba shara a kanibo, ina aka aje mata wurin zubawa? Motar kwasar shara sau nawa ta shigo layinsu cikin shekara? Tun 2014 ƙasar nan ke da dokar da ta hana shigowa da baƙar leda mara kauri da saida ta. Je kasuwa yau ka sayi tumatir na dala ashirin ka ga cikin abin da za a ƙulla maka. Doka na nan a takarda, leda na nan a kanibo. Yasar magudanai kuma, wadda ya kamata a gama tun Afrilu ko Mayu, sai an yi ruwan farko an ga ɓarna sannan a fito da shebur da kamara. A kwashe yashin a tara shi a bakin kanibon, a bar shi nan, ruwa na gaba ya mai da shi inda aka ɗebo shi. Wannan aiki an biya kuɗinsa fa. Wani ya sa hannu cewa an yi.

Kuma yawancin unguwannin da aka yanka cikin shekarun nan ba su da kanibon da za a ce ya toshe ma. An yanka filaye, an saida, an bar hanya da magudana "sai daga baya". Daga bayan nan har yau ba ta zo ba. A tsarin da ya dace, ruwa ake fara yi wa hanya kafin a yi wa mutum ɗaki. Mu a nan sai an cika unguwa da mutane sannan a tuna ana ruwa a ƙasar.

Wani zai ce ai ba kuɗi, ƙasarmu matalauciya ce. Na ji. Amma an sha sanar da mu manyan ayyuka na kare birane daga ambaliya da kuɗin Bankin Duniya, PGRC-DU a da, PIDUREM daga baya, kuma an yi wasu ayyukan, ba na musu. Tambayata mai sauƙi ce: mita nawa na magudana aka gina a garinku, a wace unguwa, nawa aka kashe, wane ɗan kwangila ya yi, kuma wa ke da alhakin yashe ta? In amsar na nan, a manna ta a bangon meri da Hausa da Zabarmanci kowa ya karanta. Wanda ya yi aikin kirki ba ya tsoron allo. Sannan hana saida ƙorama ba ya cin ko dala. Ƙin sa hannu kyauta ne.

Haka zancen canjin yanayi. Gaskiya ne, ruwan Sahel ya sauya hali, yana zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci fiye da yadda iyayenmu suka saba, kuma ba mu muka ƙona man da ya ɗumama duniya ba. A je tarukan duniya a nemi haƙƙinmu, muna goyon baya. Sai dai canjin yanayi bai san hanyar ofishin rabon filaye ba. In ma ruwan ya ƙaru, wannan dalili ne na a ƙara faɗin magudana, a ƙara nisa da kwari. Mu kuwa sai muka mai da shi amsar da ake ba mai tambaya don ya yi shiru.

Ba kuma za a ce abin ya zo ba zato ba. Cibiyar AGRHYMET a Yamai take. ACMAD, mai hasashen yanayi don Afirka gaba ɗaya, a Yamai take. Tun kafin damina ta 2024 masana sun faɗa cewa ruwa zai yi yawa a yankinmu. Ma'aikatar meteyo na fitar da sanarwa. Amma sanarwar nan da wane harshe take fita, kuma ina take tsayawa? Takarda ce da Faransanci mai launin ja da ruwan lemo, tana yawo a WhatsApp tsakanin waɗanda gidajensu na siminti ne. Tsohuwar da na ba ku labari ba ta taɓa ganinta ba. Kamfanonin salula na iya turo mana saƙon garaɓasar kiredi da tsakar dare, sau biyar a yini, ba su taɓa ɓata lamba ba. A ce ba za a iya tura wa mutanen unguwa kaza murya da Hausa ba, cewa daren yau a fitar da yara daga ɗakin laka, a tafi makaranta kaza? Muna da masu unguwa, muna da lasifikar masallaci a kowane layi, muna da rediyoyin gari. Kayan aikin duk suna nan, wanda zai haɗa su ne babu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don alƙaluman hukuma kansu kashi biyu suke raba mamatan damina: waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya faɗa wa. Ginin laka ba ya faɗuwa nan take. Gindinsa ke shan ruwa, ya jiƙe, ya yi laushi, wani lokaci sai ruwan ya ɗauke, mutane sun koma sun kwanta, sannan ya zube. Awa ɗaya ta gargaɗi na iya zama bambancin jana'iza da jaje.

To bayan an yi ɓarnar fa? Kun san fim ɗin, kun haddace shi. Jerin motoci, manyan riguna, takalman roba sababbi fil da aka sayo don ranar. A tsaya inda ruwan bai kai gwiwa ba a ɗauki hoto. A kawo buhun shinkafa, tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti. A jera mata a rana su riƙe kayan a ɗauke su a tele suna godiya. Ba na rena taimako, wanda ya kwana a waje da yara ya san darajar bargo. Amma buhun shinkafa kwana nawa yake yi wa gida mai mutum goma? Kuma lissafin waɗanda za a ba, wa ke rubuta shi? Kowa a nan ya san gidan da ko tsagewa bai yi ba amma sunansa na kan takarda, da wanda ya rasa komi yana bin layi har aka ce kaya sun ƙare. Daga nan a zuba mutane a azuzuwan makaranta. A 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata a duk faɗin ƙasa, saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma cike suke da waɗanda ruwa ya kora. Yaron Ingal da na Gaya duk sun biya bashin da ba su ci ba. In lokacin buɗe makaranta ya yi a ce su fita. Su fita su je ina? Sai su koma kan kangon nan, su kwaɓa lakar da ta faɗi, su sake ɗora ta a wuri ɗaya. Sannan baɗi a ce ba sa jin magana.

A shekarar nan ta 2024 sama da mutum 300 suka rasu a ƙasar nan sanadin ruwa, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙarni na 19, ya zube ranar 3 ga Satumba, duniya duka ta gani a bidiyo. Ya yi sama da shekara 150 yana shan damina. Kuma lissafin nan bai haɗa da waɗanda suka biyo baya ba, don in salga ta cika ta haɗu da rijiya, in ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, mutuwar ba ta shiga jerin "ambaliya". Ba mu manta kwalarar 2021 ba, wadda ta kama dubban mutane, jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Na san akwai wanda zai rubuto a ƙasa cewa ƙaddara ce, mu yi haƙuri. Malam, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali ya hana ɗaukar sababi ba, kuma ba su ce ƙaddara na wanke mai cin amana ba. In direba ya sha ƙwaya ya kife da mota, mamatan kwanansu ne ya ƙare, shi kuma direban sai ya amsa tambaya. Mi ya sa in an zo kan mai tambari sai a ce a bar wa Allah? Wanda ruwa ya ci ɗansa shi ke da ikon cewa ya yi haƙuri. Wanda ya saida ƙoramar ba shi da bakin faɗa masa haka.

Wani kuma zai ce yanzu ba lokacin irin wannan magana ba ne, ƙasa na cikin yaƙi, a haɗa kai. Kishin ƙasa bai hana a tambayi ina kanibo. Tun Afrilu 2024 aka rushe majalisun garuruwa, aka naɗa masu riƙon ƙwarya, ke nan yau ba kansilan da za ka tare a ƙofar gida ka ce mun zaɓe ka. To wanda aka naɗa ɗin shi ke riƙe da biro da tambari, shi za a tambaya, cikin ladabi, a rubuce, da sunan unguwa. Waɗanda suka gabace su ma ba su tsira ba, don yawancin filayen nan a hannunsu aka yanka. Wannan cuta ta girmi kowace gwamnati da muka sani, shi ya sa ba na yarda a mai da ita rigimar ɓangare.

Abin da nake nema daga gare ku, ƴan uwa matasa, ba mai yawa ba ne, kuma ba sai an ba mu izini ba. Kafin hadarin farko, ku zauna da tsofaffin unguwarku, maza da mata, ku tambaye su ina ruwa ke bi a da, ina tafki yake, ina ƙorama ta ratsa. Ku zana shi ko a takardar siminti ce. Ku bi layin da ƙafa ku ga abin da ke zaune a kansa yau, ku ɗauki hoto da kwanan wata. Ku san ɗakunan lakar da gindinsu ya ci, ku san tsofaffi da masu jego da ke kwana ciki, ku san gidan da za a kai su in dare ya yi tsanani. Fadar da ke iya haɗa kuɗin shayi kullum da na rigar ƙwallo tana iya haɗa na shebur biyar. Sannan ku ɗauki zanen nan da hotunan ku kai meri, ku nemi a nuna muku taswirar wuraren da hukuma da kanta ta ce ba a gini, ku karɓi shaidar cewa kun aje wasiƙa. In an amsa, ku kawo mu buga a nan. In an yi shiru, shi ma ku kawo mu buga, da ranar da kuka kai.

Wanda kuma ke shirin sayen fili, don Allah kada ka saya da rani. Ka jira Agusta, ka je da ƙafarka washegarin babban ruwa.

Makon jiya na bi ta bayan unguwarmu, can gangaren da tsohuwar nan ta ce nan ƙoramar ke faɗawa. Wurin da ruwa ya kwanta wata guda cur a daminar da ɗakinta ya faɗi. An share shi, an zuba jar ƙasa, an kafa sabbin born an shafa musu farin fenti. Na tambayi wani yaro da ke kiwo a wurin, ya ce ai an gama saidawa, saura biyu.